Jirgin Romney: Abin Wasan Attajiri ne ko Reluwe na Gaskiya?

A ranar 16 ga Yuli, 2027, ƙaramin layin dogon nan da ke bin gaɓar teku daga Hythe zuwa Dungeness, a gundumar Kent ta kudu maso gabashin Ingila, zai cika shekara 100 da fara ɗaukar fasinja. Tsawonsa mil 13 da rabi ne, kusan kilomita 22. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogonsa inci 15 ce kacal, alhali tsohon layin da ya iso Kano a 1911 ƙafa 3 da rabi ne, ya kusa ninka shi uku ke nan. Kawunan jiragen da ke jan taragu a kansa kashi ɗaya bisa uku ne na manyan jiragen zamaninsu, kuma har yau yawancinsu kwal suke ci, tururi ke tura su. Tun kafin a kafa ƙarfen farko ake gardama a kan wannan layi: shin an gina shi ne domin mutanen fadamar Romney da yake ratsawa, ko kuwa wani mai kuɗi ne ya nemi filin da zai sake da abin wasansa?

Mutum biyu ne suka yi mafarkin, amma ɗaya bai ga ko shimfiɗa dogon ba. Count Louis Zborowski ya gaji dukiya mai ɗimbin yawa ta wajen mahaifiyarsa, wadda ta fito daga zuriyar Astor ta Amurka. Ba abin da ya fi so kamar gudu. Shi ne ya riƙa ɗora injin jirgin sama a kan motocin tsere, waɗanda ya laƙaba wa suna Chitty Bang Bang, kuma a gidansa na Higham kusa da Canterbury ya shimfiɗa ɗan layin dogo mai inci 15. Mahaifinsa a tseren mota ya rasu, a Faransa a 1903. Shi ma a watan Oktoban 1924 motarsa ƙirar Mercedes ta kauce hanya a filin tsere na Monza a Italiya, ta daki bishiya, ya rasu yana da shekara 29. Kafin nan ya riga ya ba kamfanin Davey Paxman na garin Colchester aikin ƙera kawunan jirgi biyu, bisa zanen injiniya Henry Greenly.

Abokinsa Kyaftin J. E. P. Howey ne ya karɓi aikin. Shi ma ɗan tseren mota ne, tsohon sojan sama a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma arzikin gidansu daga filaye ne a tsakiyar birnin Melbourne na Ostareliya. A 1925 aka kammala kawunan biyu, Green Goddess da Northern Chief, waɗanda aka kwaikwayi siffarsu daga manyan jiragen da Nigel Gresley ya zana wa layin Landan zuwa Sikotilan. Sai ga Howey da jirage, ba inda zai tuƙa su. Shi da marigayin sun taɓa neman sayen layin Ravenglass da ke arewa maso yammacin Ingila, cinikin bai faɗa ba. Aka tura Greenly neman wuri. Babban manajan kamfanin Southern Railway, Sir Herbert Walker, yana cikin waɗanda suka nuna masa fadamar Romney: ƙasa shimfiɗaɗɗiya, ba tudu ba gangare, garin New Romney na da tashar babban jirgi, Hythe ma haka, amma ba dogon da ya haɗa su.

A nan gardamar take. Dokar Ingila ba ta barin mutum ya ratsa gonakin jama'a da titunan hukuma da layin dogo don nishaɗinsa kawai. Sai da aka yi zaman sauraren jama'a a New Romney a watan Janairun 1926, kuma hujjar da aka gabatar ita ce yankin na bukatar jirgin da zai ɗauki mutane da kaya. A watan Mayu na wannan shekara aka ba da izini. Masu kare Howey suna kafa hujja da wannan, suna ƙarawa da cewa ya sa an ƙera Hercules da Samson, kawuna biyu masu ƙafafu takwas na ja, musamman domin dakon kaya da kuma reshen da aka shirya kaiwa Sandling don haɗuwa da babban layi. Wanda ke wasa, in ji su, ba ya kashe kuɗi a kan injin dakon tsakuwa.

Ni dai hujjar ba ta gamsar da ni ba. Reshen Sandling ba a taɓa gina shi ba. Dakon kayan bai taka kara ya karya ba, in ban da tsakuwa da ɗan kifin masunta na Dungeness. Abin da Howey ya zuba wa kuɗi ba tare da ƙyashi ba shi ne abin da ke ƙara gudu: dogo biyu kafaɗa da kafaɗa, na zuwa da na dawowa, miƙaƙƙu kamar na manyan layuka, da kawuna masu silinda uku irin su Typhoon da Hurricane. Da lokacin sanyi ya sa fasinja suka yi ƙaranci, sai ya ɗauki motarsa ƙirar Rolls-Royce ya sa aka mayar da ita kan jirgi, kuma an auna gudunta a kan wannan siririn dogo ya kai kimanin mil 60 a awa. Wannan halin ɗan tsere ne. Batun yi wa jama'a hidima, a ganina, ƙofa ce da Greenly ya san ita kaɗai za ta buɗe, kuma shi ya fi Howey ɗaukar ta da gaske. Ba su daɗe ba ma suka raba gari.

Sai dai izinin da aka karɓa da sunan jama'a ya ɗaure mai shi. Dole a fitar da jadawali, a sayar da tikiti, a kafa sigina, a bar sufetocin gwamnati su duba komai. Wannan ɗaurin shi ya raba layin Romney da ƙananan jiragen da attajirai ke zagaye lambunansu da su, waɗanda galibi ake tumɓuke su da zarar mai gidan ya kwanta dama. Sa'a kuma ta taimaka. A watan Agustan 1926, tun ba a gama aikin ba, Duke na York, wanda daga baya ya zama Sarki George na Shida, ya zo ziyarar sansanin yaran da yake ɗaukar nauyi a kusa da wurin, ya hau Northern Chief tare da Howey. Jaridu suka yayata. Da aka buɗe layin a 1927, Hercules ne ya ja jirgin farko, kuma a 1928 aka ƙarasa shi har Dungeness, wani tsinin ƙasa mai tsakuwa zalla da hasumiyar haska wa jiragen ruwa hanya. Sansanonin hutu suka yawaita a Dymchurch da St Mary's Bay, iyalai daga Landan suka cika taragu.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kawo labarin da aka fi yi wa ƙari. A 1940 sojoji suka karɓe layin, domin wannan gaɓa tana kallon Faransa ne, kuma tana cikin inda ake tsoron Jamusawa za su sauka. Aka lulluɓe Hercules da faifan ƙarfe, aka haɗa shi da taragu biyu masu sulke, aka ɗora musu bindigogi masu jigida ƙirar Lewis da bindigar harbin tanka ƙirar Boys. Wannan ya tabbata, akwai hotunansa. Abin da ake saɓani a kai shi ne ɓarnar da ya yi wa abokan gaba. Wasu na cewa ya kakkaɓo jirgin saman Jamus guda, wasu su ce uku. Akwai ma masu ba da labarin wani matuƙi da ya ɗauka babban jirgin ƙasa ne yake hange daga can sama, ya yi ta saukowa har ya daki ƙasa. Labari ne mai daɗin ji, amma a wancan lokaci bindigogin kakkaɓo jirage sun cika gaɓar Kent, jiragen yaƙin Ingila kuma na shawagi a kanta, don haka da wuya a ce harsashin wane ne ya kayar da wane. Na fi karkata ga masu cewa amfaninsa na zahiri shi ne sintiri da ƙarfafa gwiwar sojojin da ke gadin wurin.

Aikin da ya fi wannan nauyi ba a cika ambatonsa ba. Layin ya yi ta jigilar sojoji da kayan yaƙi, sannan da aka zo shirin PLUTO, wato shimfiɗa bututun mai a ƙarƙashin teku daga Dungeness zuwa gaɓar Faransa domin rundunar ƙawance bayan saukarsu a 1944, shi ma an sa shi dakon bututun. Wannan aiki ya ragargaza ɓangaren Dungeness. Da aka mayar wa Howey da kayansa, sai da aka haɗa ƙarafan dogo biyu kafin a tayar da guda ɗaya. Shi ya sa har yau daga New Romney zuwa Dungeness layi ɗaya ne. A 1947 'yan wasan barkwancin nan Laurel da Hardy suka zo bikin sake buɗe shi.

Howey ya rasu a 1963. Turawan Ingila suka koma hutu a Sifen, dogon ya tsufa, ya yi ta sauya hannu, har aka fara maganar rufe shi, kafin wasu masu kishinsa ƙarƙashin Sir William McAlpine su saye shi a farkon shekarun 1970. Daga 1977 zuwa 2015 ya riƙa kai ɗalibai makarantar sakandare a New Romney safe da yamma, a kan kwangila da hukumar gundumar Kent. Hidimar da aka yi alkawari a 1926 ta zo ke nan, bayan shekara 50, a hannun wasu mutane daban.

Tafiyar da jirgin tururi a bakin teku ba ƙaramin aiki ba ne. A babban jirgi mutum biyu ne, direba da mai zuba kwal, amma a nan mutum ɗaya ne ke yin duka: idonsa a kan hanya, hannunsa a kan shebur, yana lura da ruwan tukunya da ma'aunin tururi, jirgin kuma na iya kai mil 25 a awa. Tun da sassafe ake hura wuta, domin tukunya ba ta son a gaggauta mata zafi. Iskar gishiri na cin ƙarfe, yashi na shiga gaɓoɓin injin, kuma duk bayan shekara 10 sai an ciro tukunyar an bincike ta ciki da waje. Mararrabar titin mota ta fi komai haɗari: a 2003 da 2005 motoci sun yi karo da jirgin a irin waɗannan wurare, direbobin jirgi biyu suka rasa rayukansu, abin da ya sa aka bi mararrabun ana kafa musu shinge. Yanzu kuma damuwar ta koma kan kwal. Mahaƙar Ffos-y-fran ta yankin Wales, wadda layukan tururi na Birtaniya suka dogara da ita, ta rufe a ƙarshen 2023, don haka sai dai a shigo da kwal daga ƙetare da tsada, ko a gwada dunƙulen makamashin da ake sarrafawa a masana'anta a tukwanen da aka zana tun 1925 domin kwal ɗin ƙasar.