Ƙugiya da Waƙafi: Yadda Kaduna ta Yanke wa Rubutun Hausa Hukunci

Ba kasafai ake tuna zauren Lugard da ke arewacin Kogin Kaduna da maganar ɗigo da waƙafi ba. An fi saninsa da muhawarar haraji da ta mulkin kai. Amma daga Majalisar Dokokin Jihar Arewa, wadda ke zama a wannan zaure, aka samu Hukumar Harshen Hausa a shekarar 1955, aka ɗora mata nauyin raba gardamar da ta girmi yawancin 'yan majalisar: yaya za a rubuta Hausa da boko ta zama iri ɗaya a hannun kowa?

Tushen gardamar baƙaƙe uku ne da babu su a abacadan Turawa. Bahaushe ya san ratar da ke tsakanin kafa da ƙafa, da bari da ɓari, da daki da ɗaki, amma keken rubutun da aka ƙera a Ingila bai san ta ba. Turawan farko kowa ya yi dabararsa. Wasu suka ɗiga ɗigo a ƙarƙashin baƙin, wasu suka maƙala masa ɗan waƙafi a sama. Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa a 1912, duk da haka bakin marubuta bai zo ɗaya ba. Ƙamus ɗin Bargery na 1934, duk da girmansa, da waƙafin sama ya fito, kuma ko a cikinsa alamar ba ta da mazauni guda: tana gaban b da d, tana bayan k. Sai a ƙarshen shekarun 1930 Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya, bayan ya nemi shawarar Farfesa Westermann na Balin, ya tsayar da baƙaƙe masu ƙugiya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, ita ta kai su birni da ƙauye.

To, me ya rage wa Kaduna? Abin da Zariya ba ta da shi, wato iko. Abin da East ya tsayar al'adar maɗaba'a ce, mai so ya bi, mai ƙi ya bari. Hukumar da majalisa ta kafa kuwa maganarta ta hau kan akawun gwamnati da mai fassara da malamin makaranta. A 1958 ta fitar da littafin ƙa'idojin rubutun Hausa, ta kuma tattara jerin kalmomin aro don a san yadda za a rubuta su.

Wurin da aikin daidaitawa ya fi wuya ba baƙaƙen ba ne, raba kalmomi da haɗa su ne. Ajami bai damu da wannan sosai ba, domin mai karatu yakan san abin da ake nufi tun kafin ya kai ƙarshen layi. Boko kuwa ba ya yafiya. Ƙa'idar da ta zauna ita ce a rubuta "ya zo" a rabe, "gidansa" a haɗe, "ya ba shi" a rabe kuma. Wanda ke ganin wannan ɓata lokaci ne ya dubi sunan jaridar Imam: a haɗe "ta" da "fi", sai gaskiyar da aka ce ta ɗara kwabo ta kama hanya ta tafi.

Sai dai an bar baya da ƙura a wuri guda. An kori waƙafin sama daga baƙaƙe uku, aka bar shi a na huɗu, wato 'y na 'ya'ya, alhali shi ne kuma ke tsayawa a madadin alhamza cikin sa'a da ma'ana. Alama ɗaya, aiki biyu. A ganina nan ne tsarin ya gaza cika sharaɗin da ya gindaya wa kansa. Nijar ta bi wata hanya, ta yi wa y ƙugiya kamar 'yan'uwanta, kuma tarurrukan Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 ba su shafe wannan bambanci ba. Har yau ɗalibin Maraɗi da na Katsina suna rubuta kalma guda da sura biyu.

Da aka rushe Jihar Arewa a 1967 aka yanka ta jihohi shida, hukumar ta rasa gwamnatin da ta haife ta. Aikin ya koma hannun malaman jami'a, musamman Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano. Ilimin ya ƙaru, ikon tilastawa ya ragu. Malami na iya rage wa ɗalibi maki a jarrabawa, amma ba shi da ta cewa a kan mai rubuta allon shago a Titin Ahmadu Bello.

Da wayar hannu ta zo da madannai marasa ƙugiya, sai aka koma gidan jiya. Matasa suka ɗauki q a madadin ƙ, lamba 6 a madadin ɓ, wasu kuma, ba tare da sun taɓa buɗe ƙamus ɗin Bargery ba, suka dawo da waƙafinsa suna rubuta k'asa da d'aki.