Girgizar ƙasa: Dalilin da ya sa Najeriya ke zaune lafiya, da inda haɗarin ya rage

Duk lokacin da aka nuno hotunan wani gari da girgizar ƙasa ta rusa, kamar yadda aka gani a kudancin Turkiyya da arewacin Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023, akan ji mutane a kasuwa da ofis suna cewa Allah Ya yi mana gata da Ya ajiye mu a inda ƙasa ba ta motsi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma masana ilimin ƙasa sun san dalilinta. Sai dai gatan yana da iyaka.

Ɓawon duniya a tsattsage yake, tamkar kaskon da ya fashe aka sake jera gutsattsarinsa. Waɗannan manyan falalen dutse suna tafiya a hankali, 'yan santimita kaɗan a shekara, kusan daidai da tsiron farce. A inda biyu suka haɗu sukan cije juna shekara da shekaru, matsi yana taruwa, har ranar da dutsen zai kasa jurewa ya goce a lokaci guda. Gocewar nan ita ce girgizar ƙasa. Shi ya sa mafi yawanta ke aukuwa a bakin falalen: kusan kashi 90 cikin 100 na girgizar duniya a kewayen tekun Pasifik ake yin ta, wato su Japan, Indonesiya, Chile da yammacin Amurka. Wani layin kuma ya taso daga tekun Bahar Rum ya ratsa Turkiyya da Iran zuwa tsaunukan Himalaya.

Najeriya da Nijar suna can tsakiyar falalen Afirka, nesa da bakinsa. Iyakarsa ta yamma tana tsakiyar tekun Atlantika, babbar tsagar gabashin Afirka kuma tana can wajen Habasha da Kenya. Ƙarƙashin Kano da Zariya da Abuja akwai tsohon dutse mai tauri wanda ya gama hargitsinsa kimanin shekara miliyan 500 zuwa 600 da suka wuce. Kwarin Binuwai ma tsaga ce da ta fara buɗewa lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, amma ta tsaya ba ta zama teku ba.

Alƙaluman da ake ji a labarai suna buƙatar ɗan bayani, domin sukan ruɗi mai karatu. Girgiza mai maki 7 ba ɗan ƙari ba ce a kan mai maki 6: ƙarfin da take saki ya ninka nata kusan sau 32. Tsakanin maki 5 da maki 7 kuwa ninkin ya kai dubu. Ta Turkiyya da Siriya maki 7.8 ce, ta kashe mutum fiye da dubu 50. Wadda ta auku a tsaunukan Atlas na Maroko ranar 8 ga Satumbar 2023 maki 6.8 ce, ta ci rai kusan dubu uku.

Zaman lafiyar nan yana da amfanin da ba a cika lissafa shi ba. Mai gini a Tokyo ko Santambul doka ta tilasta masa ƙarin rodi da tsari na musamman don ginin ya yi lilo ba tare da ya karye ba, kuma duk wannan kuɗi ne. A Japan tun daga makarantar firamare ake koya wa yara yadda za su fake ƙarƙashin tebur. Wanda ya sayi fili a Kaduna ko Sakkwato ba ya cikin wannan ɗawainiya. Amma ɗan kasuwar da ke zuwa saro kaya Santambul ya kamata ya san cewa birnin yana dab da tsagar da ta haddasa girgizar Izmit a watan Agustan 1999, wadda ta hallaka mutum fiye da dubu 17.

Duk da haka yammacin Afirka ma ya ɗanɗana. Ranar 22 ga Yunin 1939 girgiza mai maki sama da 6 ta auka wa Accra, babban birnin Ghana, ta kashe mutum 17 ta kuma rusa gidaje da dama. Ranar 22 ga Disambar 1983 wata mai kusan wannan ƙarfi ta girgiza arewa maso yammacin Gini, inda ɗaruruwan mutane suka rasu. Dukkan wuraren biyu nesa suke da bakin falale, kamar mu. Abin da ke faruwa shi ne tsofaffin tsagogi da suka daɗe a kwance sukan farka idan matsi daga nesa ya taru a kansu.

A Najeriya ƙanana ne aka riƙa ji: a yankin Ijebu-Ode a 1984, a Kwoi ta Ƙaramar Hukumar Jaba a Jihar Kaduna a watan Satumbar 2016, sai kuma Mpape a Abuja a Satumbar 2018, lokacin da mazauna unguwar suka kwana a firgice, hukumomin birnin kuma suka dakatar da fasa duwatsu da haƙar rijiyar burtsatse a yankin. Masana suna sa ido musamman a kan wata doguwar tsaga da ta taso daga Ifewara a Jihar Osun ta nufi Zungeru a Jihar Neja. Cibiyar da ke bibiyar motsin ƙasa tana Toro a Jihar Bauchi, ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA. Babu wata cibiya a duniya da ke iya faɗin rana da sa'ar da girgiza za ta zo, saboda haka saƙonnin WhatsApp masu yanka wa'adi ba abin saurare ba ne.

Abin da ya fi shafarmu yana cikin darasin shekarar 2010. A Janairu girgiza mai maki 7 ta auka wa Haiti, aka rasa rayuka fiye da dubu 100. A ƙarshen Fabrairu wata mai maki 8.8, wadda ta ninka ta farko ƙarfi sau ɗaruruwa, ta auka wa Chile, mutanen da suka rasu ba su kai dubu ɗaya ba. Akwai dalilai da dama, amma babba shi ne Chile tana da dokar gini kuma ana bin ta.

Mu kuwa gine-ginenmu suna zubewa ko ƙasa ba ta motsa ba. Bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi da ke Legas ranar 1 ga Nuwambar 2021, ya kashe mutum sama da 40. A Yulin 2024 ginin wata makaranta a Jos ya faɗa wa ɗalibai suna cikin aji, mutum 22 suka rasu. Inda ake rage siminti, a sa siririn rodi, a ɗora hawa uku a kan harsashin da aka yi don ɗaya, girgiza mai maki 5 ma ta isa ta yi ɓarnar da a Japan ko labarinta ba za a yi ba. Ƙasa mai laushi, irin fadamar da aka cike da yashi ko tsohon kududdufin da aka binne da shara aka yanka filaye, tana ƙara wa girgiza ƙarfi, kuma ko babu girgizar takan nitse da gini. Don haka ma'aikacin da ya tara kuɗin sallamarsa zai gina gida, ko ɗan kasuwar da zai ɗora bene a kan shagonsa, ya fara biyan kuɗin gwajin ƙasa da na injiniya mai rajista kafin ya sayi buhun siminti na farko.