Motocin ƙwanji na Amurka: Asalin jayayya kan ƙaramin inji mai turbo

A watan Disambar 2023 aka daina ƙera Dodge Challenger da Chevrolet Camaro, biyu daga cikin motoci uku da suka fi shahara a rukunin da Amurkawa ke yi wa laƙabi da motocin ƙwanji. Hakan ya bar Ford Mustang ita kaɗai a cikinsu tana ɗauke da babban inji mai silinda takwas, wato V8. Tun daga lokacin jayayya ta ƙara zafi tsakanin masoya motoci a kan tambaya ɗaya: motar da aka cire wa V8 aka saka mata ƙaramin inji mai turbo, shin ta cancanci riƙe sunan motar ƙwanji?

Mece ce motar ƙwanji?

Mota ce ƙirar Amurka, galibi mai ƙofa biyu, wadda ake saka wa injin da ya fi girman jikinta, ƙarfin ya tafi tayoyin baya, a kuma sayar da ita a farashin da ma'aikaci zai iya biya. Masana tarihin motoci da dama na ɗaukar Pontiac GTO ta 1964 a matsayin mafarin wannan rukuni. Injinta V8 ne mai lita 6.4 da ƙarfin doki 325. A shekarar ce kuma, ranar 17 ga Afrilu, Ford ya gabatar da Mustang a birnin New York. Dodge Charger ta biyo baya a 1966, Camaro ta fito a matsayin samfurin 1967, sannan Challenger a 1970.

Litar da ake ambata a nan ma'aunin faɗin cikin silindojin inji ce baki ɗaya, wato yawan iska da fetur da suke iya zuƙa. Iyakar iskar da inji ya zuƙa, iyakar fetur da zai ƙona, iyakar ƙarfin da zai bayar. Wannan ne tushen aƙidar masoya V8, cewa babu abin da zai maye gurbin girman inji.

Yadda turbo ke aiki

Turbo hanya ce ta samun iska mai yawa ba tare da faɗaɗa inji ba. Hayaƙin da ke fita zuwa salansa shi ke juya wata ƙaramar fanka, ita kuma ta juya 'yar uwarta da ke haɗe da ita a sanda ɗaya, wadda ke matse iska tana cusa ta cikin silinda. Fankar kan yi juyi fiye da 100,000 a minti guda. Da haka inji mai lita 2 ko 3 ke yin aikin da a da sai mai lita 5 ko 6.

Dabarar tsohuwa ce. Injiniyan Suwizalan Alfred Büchi ya yi mata rajista a 1905, kuma a 1962 kamfanin General Motors ya saka ta a Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair. Manyan motocin dizal na ɗaukar kaya sun daɗe suna amfani da ita.

Ba yau aka fara ba

Zamanin farko na motocin ƙwanji bai kai shekara goma ba. Dokar tsaftace iska ta 1970 da tsadar inshora da kuma takunkumin mai da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a Oktoban 1973 sun taru sun durƙusar da su. A 1975 majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar da ta wajabta wa kowane kamfani kai wani mizani na tsimin mai a jimillar motocin da yake sayarwa, ko ya biya tara. Mustang ta 1974 ta fito a Amurka ba tare da V8 ba, da aka dawo da shi a shekarar da ta biyo baya kuwa, ƙarfinsa bai kai doki 150 ba.

A wannan yanayi aka fara gwada turbo. Mustang SVO ta 1984 tana da silinda huɗu da lita 2.3, amma ƙarfinta doki 175 ne, daidai da na V8 mai lita 5 na shekarar. Sai dai ta fi tsada, kuma a shekara uku ba a sayar da guda 10,000 ba. Buick GNX ta 1987, mai silinda shida da turbo, wadda aka ƙera guda 547 kacal, tana cikin motocin Amurka mafiya sauri a zamaninta. Masu goyon bayan turbo na yawan kafa hujja da ita, domin a yau masu tara tsofaffin motoci na sayen ta da tsada, kuma da wuya a ji mai hana ta sunan motar ƙwanji.

Hujjar masu goyon baya

Babbar hujjarsu alƙaluma ne. Mustang EcoBoost ta 2024, mai silinda huɗu da lita 2.3, tana da doki 315. A takarda ta yi kusa da GTO ta 1964, a zahiri kuwa ta fi ta, domin kafin 1972 ana auna ƙarfin inji ne ba tare da an ɗaura masa dukkan kayan da yake ja a cikin mota ba, abin da ke kumbura lissafin.

Sabuwar Dodge Charger da aka nuna a Maris ɗin 2024 ta zo da injin Hurricane mai silinda shida a jere, lita 3, da turbo biyu. Ƙaraminsa doki 420 ne, babban kuma 550. Tsohon injin Hemi mai lita 6.4 da ke cikin Challenger doki 485 yake bayarwa. Ga shi kuma ƙaramin inji ya fi rashin nauyi, wanda ke rage wa gaban mota kaya, ta fi biyayya a kwana. Suna ƙara da cewa motocin tseren Formula 1 ma tun 2014 injin lita 1.6 mai turbo suke amfani da shi.

Hujjar masu adawa

Su kuwa sun ce mota ba lissafi ba ce kawai. Abu na farko shi ne sauti. Gurnanin V8 na Amurka ya samo asali ne daga yadda silindojin ɓangarorin biyu ke tashi ba a jere ɗaya ba, turbo kuwa yana shanye wani ɓangare na ƙarfin hayaƙi, sai sautin ya dusashe. Kamfanoni sun san da haka. Mustang EcoBoost ta 2015 tana ƙara sautin inji ta lasifikar cikin mota, Charger Daytona mai lantarki kuma an yi mata na'urar kwaikwayon ƙarar salansa, abin da masu adawa ke ɗauka a matsayin amsa laifi.

Na biyu, babban inji na amsa totur nan take, turbo kuwa sai hayaƙi ya taru kafin ya tashi, ko da yake na zamani sun rage wannan jinkiri ƙwarai. Na uku shi ne ƙarko. Ƙaramin injin da ake matsa wa ya yi aikin babba yana fama da zafi da matsin da suka fi yawa, yana kuma da ƙarin sassan da za su iya lalacewa. Har tsimin man ma suna da ja a kansa: turbo na tsimi ne idan ana tafiya a hankali, da zarar an danna totur sai shan mai ya tashi.

Hukuncin kasuwa da na doka

Misali mafi bayyana ya fito daga motocin a-kori-kura na Ram, 'yan gida ɗaya da Dodge a rukunin Stellantis. Kamfanin ya cire Hemi V8 daga samfurin Ram 1500 na 2025 ya saka Hurricane. A Yunin 2025 shugabansa Tim Kuniskis ya amsa a fili cewa sun yi kuskure, ya sanar da dawo da Hemi mai lita 5.7. Wannan injin doki 395 yake da shi, ƙasa da 420 na Hurricane. Ke nan masu saye sun nemi injin da ya fi rauni a takarda, saboda sabo da yarda.

Doka ma ta sauya. A Yulin 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a dokar da ta mayar da tarar saɓa mizanin tsimin mai zuwa sifiri, wanda ya rage matsin da ya tura kamfanoni ga ƙananan injina. Amma ƙera sabon inji na ɗaukar shekaru, gwamnati kan sauya, kuma Turai da wasu kasuwanni na ci gaba da tsaurara dokokin hayaƙi. Shi ya sa Ford ke tafiya da hanyoyin biyu: EcoBoost ga mai neman sauƙi, V8 mai lita 5 da doki 480 ga mai neman gurnani.

Inda abin ya shafi mai saye a Najeriya

Motocin ƙwanji kaɗan ne a titunan Najeriya, amma sauyin ya riga ya shiga motocin da aka saba da su. Honda ya cire V6 daga Accord tun samfurin 2018, ya saka lita 1.5 da lita 2 masu turbo. Toyota Land Cruiser 300 ta 2021 da Lexus LX 600 sun bar V8 sun koma V6 mai turbo biyu, Highlander ta 2023 ma ta koma silinda huɗu mai turbo. Da yake Amurka na cikin manyan wuraren da ake shigo da motocin tokumbo, irin waɗannan injina za su ƙara yawa a wuraren dillalai.

Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, tsimin mai ya zama abin dubawa ga kowane mai mota. Sai dai injin turbo ba ya jure sakaci. Yana buƙatar baƙin mai irin wanda kamfani ya ƙayyade, a canza shi a kan kari, da matacin iska mai tsabta, musamman a lokacin hunturu da ƙura, da fetur marar gauraye. Mai niyyar saye zai kyauta wa kansa idan ya fara tambayar kuɗin sabon turbo a kasuwar kayan gyara, da kuma ko akwai makanikin da ya san injin a garinsu, kafin ya biya kuɗin motar.