Yanyawa: Haɗarinta ga mutane, karnuka da dabbobin kiwo

Yanyawa dabbar daji ce daga dangin kare, mai manyan kunnuwa da jela mai yawan gashi. Akan rikita ta da dila, alhali dila ya fi ta girma. Wadda ake samu a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar launin rairayi gare ta, kuma nauyinta bai kai kilo 4 ba. Tana zama cikin ramuka, da dare take fita neman ƙwari, ɓeraye, ƙwai da 'ya'yan itatuwa. 'Yar uwarta ja, ta Turai, Asiya da Arewacin Amurka, ta fi girma, har ta saba da zama cikin birane irin su Landan.

Da wuya yanyawa ta far wa mutum, domin gudunsa take yi. Babban haɗarinta shi ne cutar haukan kare, wadda ke shiga jiki ta yawun dabbar idan ta yi cizo. Da zarar alamun cutar sun bayyana, kusan babu mai tsira. A Turai jar yanyawa ce ta fi yaɗa ta, sai da Suwizalan ta fara watsa abinci mai ɗauke da rigakafi cikin dazuzzuka a 1978. Ta wannan hanya Jamus ta rabu da cutar a 2008.

A Afirka kuwa kare ne tushen matsalar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kuma har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke ɗauka. Saboda haka karen gida da ba a yi wa rigakafi ba, idan ya yi faɗa da dabbar daji, shi ne zai kawo cutar cikin iyali. Haka kuma kare na iya ɗaukar ƙazuwa daga yanyawa.

A wajen kiwo, kaji, zabi da tantabaru ne suka fi shan wahala. Jar yanyawa kan kashe kaji fiye da abin da za ta iya ci idan ta samu shiga akurki, kuma a Ostareliya, inda Turawa suka kai ta a ƙarni na 19, tana ɗauke sababbin haihuwar tumaki.

Kariya ba ta da tsada: a rufe akurki kafin magariba, a toshe ƙasansa domin yanyawa gwanar haƙa ce, a daina barin ragowar abinci a waje, a kuma yi wa karnuka rigakafi a asibitin dabbobi. Yanyawar da ta daina tsoron mutane, ko take tangaɗi tana dalalar da yawu, abar gudu ce. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan ya garzaya asibiti a ranar domin allurar rigakafi, kada ya jira alamu.