Daga “in tafi” zuwa “to go”: gurbin Hausa a darasin nahawun Turanci na firamare

A makarantun firamare na cikin birnin Kano, kamar waɗanda ke kewayen Ƙofar Mazugal a ƙaramar hukumar Dala, akwai wani darasin nahawun Turanci da ke ba ɗalibai da malamai wahala fiye da kima. Shi ne gane aikatau marar lokaci, wanda littattafan Turanci ke kira “infinitive”, irin “to go” da “to eat”. Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, yawancin wahalar daga hanyar koyarwa take, domin ana jingine Hausar da yaro ya zo da ita daga gida, alhali a cikinta mabuɗin darasin yake.

Yadda aka saba shi ne malam ya rubuta ƙa'ida a allo, cewa “to” da aikatau su ne abin nema, yara su maimaita da ƙarfi, sannan a ce su ja layi a ƙarƙashinsa. Yaron da ke zaune a gindin Dutsen Dala, wanda Hausa yake ji a gida da layi da makarantar allo, ba ya haɗuwa da Turanci sai a aji. Kalmomin da ya sani kaɗan ne, don haka “to” kawai idonsa ke farauta. Sai ya ja layi a “to school” kamar yadda ya ja a “to sleep”. Idan kuma aka ce ya gina jimla, sai ya rubuta “I wanted to went”, domin an koya masa cewa abin da ya wuce da “went” ake faɗarsa. Wannan kuskuren yaro mai tunani ne: ƙa'ida ya bi, sai dai ba a nuna masa iyakarta ba.

A duba jimlolin nan uku: na so in tafi, ina so in tafi, zan so in tafi. Lokaci ya sauya daga jimla zuwa jimla, amma “in tafi” bai motsa ba. Babu ɗan aji huɗu a Kano da zai ce “sun so sun tafi jiya” a maimakon “sun so su tafi jiya” yana nufin burin da bai cika ba, ba tare da kunnensa ya ji bambancin ba. Ke nan ya riga ya san cewa aikatau na farko ne ke ɗaukar lokaci, na biyun yana bin sa ne kawai. Haka abin yake a “I wanted to go” da “I want to go”. Malamin da ya jera waɗannan gefe da gefe a allo ya gama rabin aikinsa.

Daga nan sai gwajin fassara. Idan “to” ta ba da ma'anar “zuwa” ko “wa”, kamar zuwa kasuwa ko miƙa wa Audu, to ba ita ake nema ba. Idan kuwa ta fito da “in”, “ka”, “ta”, “mu”, ko “don”, kamar ya zo don ya ci abinci, an same ta. Wurin da harsunan suka rabu ma darasi ne: Hausa tana bayyana mai aikin a kowane lokaci, in tafi, ka tafi, su tafi, Turanci kuwa “to go” ɗaya yake ba kowa. Larabci ma a nan tafarkin Hausa yake bi, abin da malamin da ya taɓa nahawu a zaure zai gane nan take.

Za a ce shigar da Hausa darasin Turanci na rage wa yaro damar jin harshen. Maganar tana da nauyi, musamman ga wanda aji ne kaɗai inda yake jin sa. Amma minti biyar na kwatance ba su cinye darasi ba, kuma abin ba baƙo ba ne. Da Hausa Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fara koyarwa a makarantar Nasarawa da ke Kano a 1909. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi harshen gida a shekarun farko na firamare, kuma gwajin da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna koyo da Yarabanci bai tauye Turancin yara ba.

Gwajin fassarar kuwa yana da iyaka. Ba ya kama aikatau da ke zuwa babu “to”, kamar bayan “can” da “must”, kuma “to going” na wasu jimloli zai rikita shi. A ganina a bar waɗannan sai ƙaramar sakandare.

Babban giɓin yana wajen horar da malamai. Nazarin nahawun Hausa ya yi nisa tun littafin M.K.M. Galadanci na 1976, amma mai karanta Turanci ba lallai ne ya taɓa buɗe shi ba. Ya kamata kwalejojin horar da malamai na Kano, irin su Sa'adatu Rimi, su sanya kwatanta ginin jimlar Hausa da ta Turanci cikin abin da kowane malamin firamare zai ci jarrabawarsa kafin a ba shi alli.