Illolin Magungunan Hawan Jini da Ciwon Zuciya: Nazarin Sababinsu da Hanyoyin Magance Su

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci illolin da suka fi damun masu shan magungunan hawan jini da na zuciya, bisa ga abin da ya tabbata a binciken likitoci da aka wallafa, sa'an nan ta auna shi da yanayin zaman ƙasar Hausa. Matsayarta ita ce, galibin illolin nan kowace da sanannen asalinta, saboda haka mafita tana ga sauya ƙwaya, ko rage ƙarfinta, ko canza lokacin sha, ba ga yanke shan magani ba.

Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa manya kimanin biliyan 1.3 ke fama da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. A nan mushkilar take, domin cutar da ba ta sa zazzaɓi, ba ta hana mutum gona ko kasuwa, idan aka ɗora mai ita a kan magani, ya wayi gari da jiri ko tari ko kumburin ƙafa alhali jiya garau yake, babu makawa hankalinsa ya hukunta masa cewa maganin ne cutar. Ƙiyasin ɓatacce ne, amma ba wauta ba ne, kuma likitan da ya raina shi zai rasa majinyacinsa.

Tari da kumburi

Kaftofiril, wanda aka samo asalinsa daga nazarin dafin wani maciji na ƙasar Barazil, aka kuma halatta amfani da shi a Amurka a 1981, shi ne kakan dangin lisinofiril. Wannan dangi yana hana jiki rushe wani sinadari mai suna biradikinin, wanda idan ya taru a hanyoyin numfashi yakan haifar da busasshen tari marar majina, mai maƙaƙi a maƙogwaro, mai tsananta da dare. A ƙasar da tarin fuka bai ƙaura ba, dogon tari abin firgita ne, har iyali su fara ware wa mutum ƙwarya, shi kuwa ya ƙarar da kuɗinsa a kan ruwan maganin tari wanda ba zai amfana masa kome ba. Bayan an tabbatar ba fuka ba ce, sai a mayar da shi kan losatan ko danginsa, tarin kuwa yakan lafa cikin mako ɗaya zuwa huɗu, wani lokaci ya ɗan zarce. Amma kumburin leɓe ko harshe, wanda ya fi aukuwa ga baƙar fata, hukuncinsa dabam: a daina sha nan take, a garzaya asibiti. Mai juna biyu kuwa ba ta shan ɗayan dangogin nan biyu.

Amlodifin illarsa a idon sawu take: da safe takalmi ya shiga lafiya, da la'asar ya matse, ya bar shaida a fata. Sababin shi ne maganin yana buɗe ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ƙafa fiye da masu mayar da shi, sai ruwa ya tsattsafa cikin nama. Don haka ƙwayar sa fitsari ba ta cika warkar da shi ba, abin da ya fi amfani shi ne rage shi daga miligiram 10 zuwa 5, ko haɗa shi da dangin lisinofiril. Bai kamata a yi gaggawar jefar da shi ba, gama gwajin CREOLE da aka wallafa a 2019, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a kan mutum 728 a ƙasashen Afirka shida, ya nuna haɗin da ke da amlodifin ya fi saukar da jinin baƙar fata. Sai dai in kumburi ya zo tare da haki, to a binciki zuciya.

Fitsari, zafi da azumi

Ƙwayoyin sa fitsari, irin su tiyazaid da furosemid, suna taɓa ibada kai tsaye, domin dattijon da ya saba riƙe alwala daga Magariba zuwa Lisha ba zai ji daɗin abin da ke warware masa ita ba. Shansu da sassafe yana rage wannan, yana kuma kare barci. Suna zubar da fotasiyam, wanda ƙarancinsa ke kawo ɗaurewar tsoka, ya kuma tsananta gubar maganin zuciya na digoksin, mai alamar tashin zuciya da ganin abubuwa rawaya-rawaya. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, gumi kan haɗu da aikin ƙwaya jini ya faɗi, mutum ya ga duhu sa'ad da ya ɗago daga sujada. Tashi a hankali yana taimakawa, shari'a kuma ta yi rangwamen salla a zaune. Mai niyyar azumi ya ga likita tun cikin Sha'aban, a tsara masa lokacin sha tsakanin buɗa-baki da sahur, ko a gaya masa gaskiya cewa yana cikin masu uzuri.

Wani rukunin magungunan kuwa, wato atenolol da danginsa, suna kawo kasala da sanyin hannu, kuma yanke su farat ɗaya yana iya tayar da ciwon ƙirji mai haɗari.

Abin da kunya ke ɓoyewa

Wata illar da ke raba magidanta da magani ita ce wadda ba a faɗa, wato raunin mazakuta, wanda tiyazaid da atenolol kan jawo, ko da yake hawan jinin kansa da ciwon sukari suna jawo shi. Magidanci ba zai furta wannan a gaban ma'aikaciyar da ta yi sa'ar 'yarsa ba; sai ya ajiye ƙwaya a ɓoye, ko ya nemi maganin ƙarfin maza a kasuwa, wanda in akwai sildenafil a ciki, ya gamu da ƙwayar naitiret ta ciwon ƙirji, jini na iya faɗuwa har a rasa rai. Waswasi ma yana da rabonsa: gwajin SAMSON na 2020 a Landan, a kan mutum 60 da suka bar maganin kitsen jini, ya gano kimanin kashi 90 cikin 100 na damuwar da suke ji ta bayyana ko da ƙwayar da suka sha ba ta ɗauke da magani. Wannan ba hujjar ƙaryata majinyaci ba ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wajibi ne likita ya riga shi buɗe zancen, a keɓe, da lafazi mai mutunci, tun ranar da ya rubuta masa ƙwayar farko.