Kuɗin talla da haraji: Matsayin 'yan wasan jami'o'in Amurka

Sama da shekaru ɗari hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka ta yi tana hana ɗalibai 'yan wasa karɓar ko sisin kwabo na talla, duk kuwa da biliyoyin dalolin da gasanninsu ke samarwa.

Hujjar hukumar, wadda aka kafa a 1906, ita ce ɗalibi ba ƙwararren ɗan wasa ba ne, don haka ɗaukar nauyin karatunsa ya wadatar.

Yadda aka sauya doka

A 2009 ne Ed O'Bannon, tsohon ɗan wasan ƙwallon kwando na jami'ar UCLA, ya kai ƙara kotu bayan ya ga an yi amfani da kamanninsa a wani wasan bidiyo ba tare da an biya shi ba.

A 2019 jihar Kalifoniya ta kafa dokar da ta bai wa ɗalibai damar yin talla, wasu jihohin kuma suka bi sahu.

A watan Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙolin Amurka su tara suka yanke hukunci baki ɗaya cewa wasu ƙa'idojin NCAA sun saɓa wa dokar hana babakere a kasuwanci.

Daga ranar 1 ga watan Yulin wannan shekarar hukumar ta janye haramcin. Tun daga lokacin ɗalibi na iya cin moriyar sunansa da hotonsa da kamanninsa, abin da ake kira NIL a taƙaice.

A watan Yunin 2025 wata kotun tarayya ta amince da yarjejeniyar sasantawa, inda za a biya 'yan wasan baya diyyar kimanin dala biliyan 2.8 cikin shekaru goma.

Yarjejeniyar ta kuma bai wa kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko, tare da wajabta bayyana duk wata kwangilar talla da ta kai dala 600.

Batun haraji

Hukumar tara haraji ta IRS na ɗaukar kuɗin talla a matsayin kuɗin shiga, kuma galibi tana kallon ɗalibin a matsayin mai sana'ar kansa.

Ma'ana, babu wanda zai cire masa haraji kafin kuɗin su shigo hannunsa. Shi zai yi lissafi ya biya, sau huɗu a shekara idan kuɗin na da yawa.

Idan ribarsa ta kai dala 400, zai biya harajin masu sana'ar kansu na kashi 15.3 cikin ɗari, baya ga harajin tarayya da ke kamawa daga kashi 10 zuwa 37.

Kyauta ma ba ta tsira ba. Idan kamfani ya ba shi mota ko takalma a madadin talla, sai an ƙiyasta kuɗinsu an biya haraji. Ke nan yaro ɗan shekara 18 na iya wayar gari da bashin gwamnati kan motar da bai saya ba.

Jihohi kuma sun bambanta: Texas da Florida ba sa karɓar harajin kuɗin shiga, yayin da na Kalifoniya kan kai kashi 13.3.

Ɗaliban ƙasashen waje

Akasarin 'yan wasan da suka fito daga Afirka da sauran nahiyoyi na da bizar karatu ce ta F-1, wadda ta taƙaita musu yin aikin kuɗi a cikin Amurka. Karya wannan sharaɗi na iya janyo soke bizar.

Wannan ne ya sa wasunsu kan jira sai sun fita daga ƙasar. A 2022 Oscar Tshiebwe, ɗan Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo da ya buga wa jami'ar Kentucky, ya yi ayyukan tallansa ne a tsibirin Bahamas lokacin da ƙungiyarsa ta je wasa can.